Buɗe Bututun Gas na Ƙasa ga Kowa, da Rabon Ƙasar Haɗeja a Cikinsa

Jawabi ga hakimai da malaman gundumomi na ƙasar Haɗeja



Maganar da wannan jawabi ya ƙunsa ita ce ta bututun iskar gas na Nijeriya, da dokar da ta buɗe shi domin kowane ɗan kasuwa mai lasisi ya aika da gas ɗinsa ta ciki. Watakila wani ya ce, ina ruwan Haɗeja da bututun da iyakarsa Kano? Tambayar tana kan hanya. Amsarta kuwa ita ce, tsarin da aka yi wa bututun nan shi zai yanke ko gas zai iso fadamar Haɗeja da farashin da manomi zai iya biya, ko kuwa zai iso da tsadar da za ta sa a gan shi a bar shi. Saboda haka ya kamata kowane hakimi da malaminsa su fahimci tsarin sarai, domin su ne talakawa za su tambaya.

Abin da layin dogo ya koyar

Kafin a shiga maganar gas, yana da kyau a tuna da wani abu da dattawan ƙasar nan suka sani. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kai reshensa Nguru a 1930. Layin bai shiga birnin Haɗeja ba, ta Malam Madori da Birniwa ya bi. Duk da haka ya sāke kasuwancin ƙasar Haɗeja baki ɗaya. Gyaɗa da fatu da busasshen kifi aka riƙa ɗora wa jakuna da raƙuma, daga baya motoci, ana kai su tasha, har Malam Madori ta zama babban gari saboda tashar da ke cikinta.

Abin da ya sa layin ya amfani jama'a shi ne, ma'aikacin tasha ba ya tambayar mai kaya ko shi ɗan wane ne. Sai ya ɗora kayan a sikeli, ya duba takardar kuɗin dako, ya karɓi abin da aka rubuta, ya ba da rasiɗi. To, a ɗauka a ce mai layin dogon shi ma ɗan kasuwar gyaɗa ne. Ranar da abokin gasarsa ya kawo buhuna, sai ya ce taragu sun cika. Ran da ya yarda ya ɗauka kuwa, sai ya tsawwala kuɗin dako har ribar ta ƙare a hanya. Ba da daɗewa ba zai zama shi kaɗai ke saye, shi kaɗai ke sayarwa, manomi kuwa abin da aka ba shi shi zai karɓa. Duk maganar buɗe bututun gas ke nan a taƙaice: hana mai hanya ya mallake kasuwar da ke bin hanyar.

Gas ɗin da ake magana a kai

Iskar gas tana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, wani lokaci tare da ɗanyen mai, wani lokaci ita kaɗai. Akan auna ta da ƙafa kubik, watau cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa ƙafa guda-guda ne. Abin da aka tabbatar Nijeriya na da shi a ƙasa ya haura ƙafa kubik tiriliyan 200, kuma babu ƙasar da ta kai ta a Afirka. Mafi yawansa yana can yankin bakin teku, inda aka fara samun mai a Oloibiri a 1956.

Shekaru da yawa gas ɗin da ke fitowa tare da mai ƙone shi ake yi a bakin rijiya, dare da rana, domin babu hanyar kai shi ga masu bukata. A 1979 aka yi doka wadda ta sa farkon 1984 ya zama wa'adin daina ƙonewa, amma wa'adin ya wuce ba a daina ba. A 1999 aka fara fitar da gas zuwa ƙasashen waje cikin jiragen ruwa daga tsibirin Bonny. Ashe mutumin Turai ya riga mutumin Kano samun gas ɗin Nijeriya, dalili kuwa shi ne an gina hanyar teku kafin a gina ta tudu.

Lalle ne a bambanta iri biyu, gama mutane sukan haɗa su. Akwai gas na girki wanda ake sayarwa a tukunya bisa kilo. Wannan ya fi iska nauyi, in ya zuba sai ya kwanta a ƙasa, kuma ba shi ne ke bin babban bututu ba. Akwai kuma gas na bututu, wanda iska ta fi shi nauyi, in ya sami kafa sai ya yi sama. Shi ne ake ba manyan injunan lantarki da masana'antu, da shi kuma ake yin takin zamani na yuriya. Wannan na biyu shi ne abin da jawabin nan ke nufi.

Yadda abin yake a da

A 1988 Gwamnatin Tarayya ta kafa kamfanin gas a ƙarƙashin kamfanin mai na ƙasa, NNPC. A 1989 aka buɗe babban bututu daga Escravos zuwa Ikko domin ya ba tashar lantarki ta Egbin gas. Akwai kuma wani daga Oben zuwa Ajaokuta, wanda aka yi saboda masana'antar ƙarfe. Kamfanin nan guda shi ne mai bututu, shi ke sayen gas daga masu haƙa, shi kuma ke sayar wa masu bukata. Mai masana'antar da ke son gas ba shi da ƙofar da zai buga sai guda. Mai haƙa da ke da gas fiye da bukatarsa ba shi da tabbataccen tsarin da zai bi ya aika wa wanda ya ga dama.

A 2016 aka raba kamfanin gida biyu, ɗaya ya riƙe bututu, ɗaya ya riƙe ciniki. Wannan shi ne matakin farko. Na biyu ya zo a 2020, lokacin da aka ƙaddamar da kundin ƙa'idojin sufurin gas a watan Fabrairu, ya fara aiki a watan Agusta. Na uku kuwa, wanda ya fi su duka ƙarfi, shi ne Dokar Masana'antar Man Fetur, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ran 16 ga Agusta, 2021.

Abin da doka ta ce

Dokar ta kafa wata hukuma da ake kira NMDPRA a taƙaice, ta ba ta ikon kula da sufuri da rarraba mai da gas. Abubuwa huɗu daga cikin dokar suka shafi wannan magana.

Na farko, ba mai gina bututun sufurin gas ko ya sarrafa shi sai da lasisi daga hukumar. Na biyu, mai lasisin tilas ne ya ba wasu damar aika gas ɗinsu ta bututun, muddin akwai gurbi, kuma gas ɗin ya cika sharaɗin inganci, ba tare da ya fifita wani a kan wani ba. Na uku, kuɗin dako ba a bakin mai bututu yake ba. Bisa ƙa'idar da hukumar ta shimfiɗa ake yanke shi, yadda mai bututu zai mayar da abin da ya kashe ya sami riba daidai gwargwado, a kuma bayyana shi ga kowa. Na huɗu, in saɓani ya tashi tsakanin mai bututu da mai son shiga, hukumar na da ikon shiga tsakani.

Har ila yau dokar ta kafa wani asusu na musamman domin taimaka wa gina kayan aikin gas a cikin ƙasa. Ana zuba masa rabin kashi ɗaya cikin ɗari na farashin sārin mai da gas da aka sayar a Nijeriya. Watau manomin Auyo da ya sayi litar fetur domin injin ban ruwansa ya riga ya sa hannu a cikin asusun nan, ko ya sani ko bai sani ba. Wanda kuwa ya sa hannu a asusu yana da bakin tambayar inda kuɗin suka tafi.

Yadda ake aika gas ta bututun wani

Kundin ƙa'idojin da aka ambata shi ne ya bayyana yadda aikin ke tafiya kullum. Malaman gundumomi za su gane shi da sauri, gama galibinsa aikin littafi ne da lissafi.

Ɗan kasuwar da ke son aikawa yakan fara neman lasisi, sa'an nan ya sa hannu a yarjejeniya da mai bututu. Yakan kama gurbi a wuri biyu: a mashiga, inda zai zuba gas, da mafita, inda mai sayensa zai ɗiba. Kowace rana yakan sanar da yawan abin da zai zuba da abin da za a ɗiba. A mashiga da mafita duka akwai ma'auni da ke rubuta abin da ya wuce.

A nan akwai wani abin lura. Gas ɗin mutane da yawa ne ke gauraye a cikin bututu guda, kamar yadda ruwan Kogin Kano da na Challawa ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, ba mai iya cewa wannan ɗigo na Tiga ne, wancan na Challawa ne. Saboda haka mai aikawa ba ainihin gas ɗin da ya zuba ake ba shi a mafita ba, gwargwadonsa ake ba shi. In ya ɗiba fiye da abin da ya zuba, ya ci na wani ke nan, kuma ƙarfin turawar bututun zai ragu ga kowa, don haka akan caje shi kuɗin gibin. Duk tsarin nan a kan gaskiyar ma'auni da gaskiyar littafi ya dogara. In mudu ya lalace, kasuwa ta lalace.

Darasi daga wasu ƙasashe

Nijeriya ba ita ta fara wannan tsari ba, kuma akwai abin koyo wurin waɗanda suka riga ta. A Ingila an yi doka a 1982 wadda ta ba wasu izinin amfani da bututun kamfanin gas na ƙasar. Amma shekaru suka shuɗe kusan babu wanda ya shiga, domin kamfanin nan shi ne mai bututu, shi ne kuma babban mai sayarwa, shi ya san gurbin da ke akwai, shi ke faɗin kuɗin dako. Sai da hukuma ta bincika, aka ware sashen bututu daga sashen ciniki, aka fito da kundin ƙa'idoji a 1996, sa'an nan kasuwar ta buɗe sosai. A Amurka an fara a 1985, aka ƙarasa a 1992 da umurnin da ya tilasta wa kamfanonin bututu su raba aikin dako da aikin sayarwa. Tarayyar Turai ta bi wannan hanya daki-daki daga 1998 zuwa 2009. Ƙasar Sin kuma a ƙarshen 2019 ta kafa kamfani guda na bututu, ta karɓo manyan bututu daga hannun kamfanonin mai ta damƙa masa.

Darasin ƙasashen nan duka ɗaya ne. Rubuta doka shi ne mai sauƙi. Abin da ke sa ta yi aiki shi ne a raba mai hanya da mai kaya, a bayyana kuɗin dako da gurbin da ya rage a fili, a kuma sami alƙali mai ƙarfi wanda ba ya jin tsoron babban kamfani. A Nijeriya kamfanin da ke riƙe da bututu da kamfanin da ke cinikin gas duka 'ya'yan NNPC ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan ba laifi ba ne, amma dalili ne da zai sa hukumar da ke sa ido ta buɗe ido ƙwarai, jama'a kuma su riƙa tambaya.

Bututun Ajaokuta zuwa Kano

Duk bututun da aka ambata a baya a kudu suke, iyakarsu Ajaokuta. Domin a kawo gas Arewa aka tsara wani sabo daga Ajaokuta, ya bi ta Abuja da Kaduna, ya ƙare a Kano. Tsawonsa kilomita 614 ne, faɗin bakinsa inci 40, kuɗin da aka ƙiyasta masa da farko kuwa wajen dala biliyan 2.8. An ƙaddamar da aikin ran 30 ga Yuni, 2020. Ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka tsara, kuma ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ba da wahala shi ne ratsawa ta ƙarƙashin Kogin Kwara, wadda NNPC ta sanar an kammala a tsakiyar 2025. An tsara tashoshin lantarki a kan hanyarsa a Abuja da Kaduna da Kano. Akwai kuma tsohon shiri, wanda Nijeriya da Nijar da Aljeriya suka sa wa hannu a 2009, na a miƙa bututu daga Nijeriya ya ratsa Sahara, tafiyar fiye da kilomita 4,000, har bakin Bahar Rum.

Kamar layin dogo na 1930, wannan bututu ma bai shiga birnin Haɗeja ba. Amma gas ba lalle sai ta bututu yake ƙarasa tafiyarsa ba. Akan matse shi da ƙarfi a cikin manyan tukwane na ƙarfe a ɗora wa mota. Akan kuma sanyaya shi har ya zama ruwa, ya tsuke kamar sau 600, a zuba a tanki mai riƙe sanyi. Ta hanyoyin nan biyu ake kai shi garuruwan da bututu bai kai ba. Mafitar Kano ita ce tashar ƙasar Haɗeja a wannan karo, motoci kuwa su ne jakuna da raƙuman zamani.

To, a nan ne dokar buɗe bututu ta shafi manomin Guri da na Kiri Kasama. In mai sayarwa guda ne a mafitar Kano, duk wanda zai kafa wurin matse gas ya kawo Haɗeja a hannun mutum ɗaya zai saya, da farashin mutum ɗaya. In kuwa masu aikawa biyar ko goma ne ke da gurbi a bututun, mai kawowa Haɗeja zai taya nan ya taya can, sauƙin da ya samu kuma gasa za ta tilasta masa ya rage wa na gaba.

Rabon ƙasar Haɗeja

Bukatar ƙasar nan ga makamashi a fili take. Fadamar Haɗeja tana cikin manyan wuraren noman shinkafa da alkama a Nijeriya, kuma mafi yawan noman rani da rijiyar burtsatse da ƙaramin injin fetur ake yinsa. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Kowane hakimi ya ga abin da ya biyo baya a gundumarsa: wasu manoma suka rage gona, wasu suka juya injunansu zuwa tukunyar gas na girki, wasu suka koma ga hasken rana. Wannan ya nuna manomin fadama ba ya ƙin sabon abu in ya ga lissafinsa ya fita.

Amfanin gas na bututu zai iya zuwa ta ƙofa huɗu. Ta farko ita ce injunan casar shinkafa da na niƙa da na ƙanƙarar adana kifi, waɗanda ke cin man dizal mai tsada. Ta biyu ita ce motocin dakon kaya, gama kuɗin mota yana cikin farashin kowane buhu da ya bar Haɗeja. Ta uku ita ce lantarki, da yake kamfani guda ne ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, kuma mafi yawan wutar Nijeriya da gas ake samar da ita. Ta huɗu ita ce taki, domin manyan masana'antun yuriya na Eleme da Onne da Lekki duk a kudu suke, kusa da gas, kuma manomin Arewa ne ke biyan kuɗin jigilarsa. Ban da waɗannan, duk gidan burodi ko wurin gyaran shinkafa da ya bar itace ya koma gas, ya rage wa dajin ƙasar nan gatari.

Amma kada a yi wa talakawa alkawarin da ba a tabbatar ba. Doka ta buɗe ƙofa ne kawai. Ba ta ce wa kowane ɗan kasuwa tilas ya kawo gas Haɗeja ba, ba ta kuma ce gas zai zama kyauta ba. Farashinsa a mashiga da dala ake lissafa shi, in naira ta faɗi zai tashi. Kuɗin matsewa da na mota za su hau kansa. Manomi mai ƙaramin inji guda watakila hasken rana ya fi masa sauƙi, gas na bututu kuwa ya fi dacewa da babban inji da ke aiki kullum.

Mutanen Haɗeja sun riga sun san halin wanda ke zaune a wutsiyar hanya. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Tun daga lokacin ruwan da ke isowa fadama ya koma hannun mai buɗe ƙofar madatsa. Ambaliyar damina da ke renon kifi da ciyawar dabbobi ta ragu, ruwan da ake saki da rani kuma ya ba ciyawar kacalla damar toshe magudanai. Sai da jihohi shida da ke shan ruwan kogin suka zauna a 2006 suka kafa asusu da tsarin kula da shi tare. Wanda ke nesa da bakin madatsa ba shi da abin da zai kāre shi sai rubutacciyar ƙa'ida da kuma muryar shugabanninsa. Haka abin yake ga gas.

Aikin hakimi da malami

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abubuwa biyar da ake roƙon hakimai da malamansu su sa a gaba.

1. Ƙidaya. Ɗan kasuwa ba ya kafa wurin sayar da gas sai ya san yawan masu saye. Ya kamata kowane malamin gunduma, da taimakon dagatai da masu unguwanni, ya buɗe littafi ya rubuta injunan ban ruwa da na casa da na niƙa da gidajen burodi da ke gundumarsa, da irin man da kowanne ke sha, da watannin da yake aiki. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. In aka haɗa lissafin Auyo da Birniwa da Guri da Haɗeja da Kafin Hausa da Kaugama da Kiri Kasama da Malam Madori wuri guda, masarauta za ta sami hujjar da za ta miƙa wa Gwamnatin Jiha da masu zuba jari, da kuma masu riƙe da asusun da aka ambata.

2. Haɗin kai. Mai injin casa guda ba zai iya kama gurbi a bututu ba, ko ya sa a aiko masa da mota shi kaɗai. Ƙungiyar masu casa ko ta manoma kuwa tana iya ƙulla ciniki da mai kawowa, ta kuma sauya shi in ta sami wanda ya fi shi sauƙi. Hakimi ya ƙarfafa irin waɗannan ƙungiyoyi, ya kuma gargaɗe su kada su sa hannu a takardar da za ta ɗaure su ga mai sayarwa guda na shekaru masu yawa ba tare da sun nemi shawarar masani ba.

3. Lasisi. Duk wanda ya zo neman fili domin kafa wurin gas, a nemi ya nuna izininsa daga hukumar NMDPRA da na ofishin filaye kafin a yi wata magana. A nisanta irin wannan wuri daga kasuwa da makaranta da gidajen jama'a, a kuma guji inda ambaliya ke kwanciya, gama ba a manta da ruwan 2020 da na 2022 ba.

4. Rigakafi. Wannan ya fi sauran nauyi. Ran 15 ga Oktoba, 2024, tankar fetur ta faɗi a Majiya, a ƙaramar hukumar Taura, kan hanyar Kano zuwa Haɗeja. Mutane suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Irin wannan hanya motocin gas za su riƙa bi. Lalle a riƙa faɗa a masallatai da kasuwanni da makarantu cewa in motar mai ko ta gas ta faɗi, a guje ta, a hana kunna wuta ko inji kusa da ita, a sanar da hukuma. A kuma sani cewa ƙarfin matsin gas na mota ya ninka na tukunyar girki fiye da sau goma. Duk wanda ya zuba shi a tukunyar girki, ko a tukunyar da mai walda ya haɗa, ya ɗauki ajalinsa da na maƙwabtansa a hannu.

5. Bayani. In talaka ya tambaya, a gaya masa gaskiya ba ƙari ba ragi: bututun na ƙasa ne, iyakarsa Kano, doka ta buɗe shi ga kowane mai lasisi, kuma yawan masu sayarwa shi ne zai kawo sauƙi. In aka ga mutum ɗaya ya kankane sayarwa a wani yanki yana tsawwalawa, ko ma'auninsa bai cika ba, malami ya rubuta rana da wuri da abin da ya faru, hakimi ya kai maganar gaban Majalisar Sarki, domin ta isa ga hukumar da doka ta ɗora wa alhakin.

Kakannin mutanen ƙasar nan ba su gina layin dogo ba, ba su kuma zaɓi inda zai bi ba. Amma da suka ga hanya ce da ke ɗaukar kayan kowa da kuɗin dako guda, sai suka shirya, suka kai kayansu tasha, suka ci amfaninta. Abin da ake fata ke nan ga jikokinsu game da wannan sabuwar hanya.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya taimaki hakimansa, ya ba ƙasar Haɗeja damina mai albarka da rani mai amfani, ya kiyaye jama'a daga gobara da ambaliya. Amin.